Gyaɗar Aji Huɗu

"Mayar da jakar nan ɗaki," in ji Malama. "Ba inda za ni."

Ina tsaye a tsakar gidanta da jakar a hannu, ni da na ɓata safiyata ina ninke mata kaya. Ɗanta, wanda duk layinmu ke kira Injiniya, ya riga ya buɗe motarsa a ƙofar gida, har ya shimfiɗa mata bargo da matashi a kujerar baya. Ya dawo ya tsaya a kanta, makullin mota yana lilo a yatsansa.

"Mama, jiya fa kika amsa min."

"Jiya na amsa. Yau da safe na tuna da gyaɗa."

"Wace gyaɗa kuma?"

"Ta 'yan aji huɗu. Ba ta ƙosa ba."

Ya dube ni, ni kuma na dubi jakar, don ba na son a sa ni a ciki.

"Mama, dubi ƙafafunki. Ko silifa ta ƙi shiga. Likita ya ce zuciyarki ce, ya ce a matsa da ke kusa da babban asibiti, ke kuma kina zancen gyaɗa? In gyaɗa kike so, yau ɗin nan sai in cika miki ɗaki da ita."

"Taka ta kasuwa ce, Babana. Wannan kuwa yara ne suka shuka da hannunsu. Ranar da suka cire ta, ka zo ka ɗauke ni, ko a bayan motar ka ɗaure ni ba zan ce uffan ba."

Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ya fita waje ya yi waya da matarsa, ya dawo ya sake lallashi. Malama dai tana zaune a kujerarta ta roba, ta ɗora ƙafafu a kan bokitin da aka kife, tana kallonsa kamar yadda take kallon yaron da ya zo makaranta a makare yana ta jero dalilai. Da rana ta take, ya karɓi jakar daga hannuna ya kai ɗaki da kansa.

A ƙofar gida ya ce min, "Maman Auta, amana ce na bar miki. Ko tari ta yi ki kira ni."

"Ai sai ka sa wayarka a caji," na ce, "don tarinta ba ya ƙarewa."

Bai yi dariya ba. Ya ja motarsa ya tafi, bargon yana shimfiɗe a baya.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Malama. Ni ɗinki nake yi a ɗakin da ke jikin katangar, maigidana kuma kafinta ne. Tun ina amarya na same ta a nan, mijinta ya rasu, ɗanta guda yana karatu a nesa. Ita ta fara leƙo ni ta kan katanga ta ce min hayaƙin girkina yana nuna ban iya hura wuta ba, ta zagayo ta koya min. Daga ranar na zama 'yarta, ko ina so ko ba na so.

A makarantar firamaren da ke ƙarshen layinmu ta koyar har ta yi ritaya, amma ƙafarta ba ta daina zuwa ba. A bayan azuzuwan akwai wani fili da a da ake jibge karyayyun bencina da ledoji. Ita ta share shi, ta sa aka kewaye shi da waya saboda awaki, ta mai da shi gona. Duk damina 'yan aji huɗu ke gadonta. Kowane yaro da kunyarsa, a kafa sanda a bakinta, a ɗaura ƙyalle don ya gane tasa. Ƙyallayen kuwa daga ƙarƙashin keken ɗinkina suke fitowa. Malama ba ta taɓa tambayata ba, shigowa kawai take yi ta tsince, tana cewa ai taimakona take yi da shara.

Yara suna kiranta Malama Da Saura, ba a gabanta ba. Dalili kuwa, duk abin da ka tambaye ta a gonar nan amsar ɗaya ce. Malama, ya tsiro? Da saura. Malama, a tsinke? Da saura. Har a gida, in na ce Auta ta zo ta wanke kwanuka, sai ta ce min, "Umma, da saura."

A bana ne Autata ta shiga aji huɗu, kuma gyaɗa suka shuka. Yarinyar da a da take tsammanin a cikin kwalba ake samun gyaɗa, sai ga ta kullum tana dawowa da gwiwoyi duk laka, ni ce da wankin kayan makaranta. Wata rana ta shigo tana kuka wiwi.

"Umma, gyaɗata ta mutu! Furen duk ya zube, kuma ba 'ya'ya ko ɗaya!"

Kafin in buɗe baki, muryar Malama ta tsallako katanga. "Ke Auta! Gobe in kin je, ki kwanta rubda ciki ki leƙa ƙarƙashin ganyen. Abin da kika gani ki zo ki gaya min."

"Mama," na ce, "rubda ciki kuma? Ke za ki wanke rigar?"

"Ruwa da sabulu ne za su wanke, ke miƙa hannu kawai za ki yi."

Washegari Auta ta dawo da gudu, gaban rigar kamar an yi dambe da ita. Ta ce ta ga wasu siraran tsinkaye sun fito daga inda furen ya faɗi, sun lanƙwasa kai suna huda ƙasa. Malama ta ce mata gyaɗa uwa ce mai kunya, a ƙasa take ɓoye 'ya'yanta. Kwana da kwanaki Auta ba ta da wani zance sai wannan.

Bayan tafiyar Injiniya, Malama ba ta ƙara iya taka hanyar makaranta ba. Daga ɗaki zuwa baranda sai ta huta, numfashinta yana fita da ƙyar. Sai gonar ta riƙa zuwa mata gida. Da an tashi daga makaranta, yaran za su cika tsakar gidan, jakunkuna a baya, kowa yana son ya riga ba da rahoto. Malamin ajinsu ne ke rako su, wani saurayi dogo mai kunya, wanda shi ma a hannunta ya yi aji huɗu. Har yanzu in ta yi gyaran murya sai ya gyara tsayuwa.

"Ɗaya bayan ɗaya," take cewa. "Kai Gajere, ka cire ciyawa a kunyarka?"

"Na cire, Malama. Tas!"

"Miƙo hannunka."

Gajere ya miƙa. Ta juya tafin, ta duba faratan.

"Wannan hannun ko alli bai taɓa ba yau, balle ƙasa. Da baki ka cire ta?"

Yara suka kwashe da dariya, har Gajeren. Ta ja kunnensa a hankali ta ce gobe tana son ganin baƙi a ƙarƙashin kowane farce. Haka take bin su, tana tambayar launin ganye, ko ƙasa da danshi in an tura yatsa, ko an tara ƙasa a gindin shuka, ko wani ya ga ramin ɓera. Ba ta taɓa ba su amsa a sauƙaƙe ba. In yaro ya ce ganyensa ya fara rawaya, sai ta ce, "To me kake jin yana gaya maka?" Ta bar su su yi ta musu a junansu, ita tana lumshe ido tana saurare. In sun watse sai in ga ta jingina kai da bango, gumi yana tsattsafo mata, amma bakinta da murmushi.

Jikin kuwa kullum baya yake yi. Kumburin ya hau har gwiwa. Abincin da nake kai mata, sai ta ɗan taɓa ta ture. Kwanciya ta gagare ta, sai a zaune take barci, an tara mata matasai a baya. Injiniya yana kirana safe da yamma, ni kuma na rasa ƙaryar da zan yi masa.

Rannan ya ce min a waya, "Maman Auta, wai gyaɗar nan dole sai ta cika lokacinta? Ba za a iya cire ta haka nan ba? Yara ne fa, ina ruwansu da ƙosawa? Su dai su ga gyaɗa."

Maganar ta zauna min. Na sami malamin aji a bakin makaranta na faɗa masa. Ya yi ta sosa ƙeya.

"Malama fa za ta gane."

"Idonta ya yi rauni yanzu. Ka zaɓo wadda ta fi girma, mu ce mata duk haka suke."

Da yamma, bayan yara sun tafi, muka shiga da gindi ɗaya na gyaɗa, 'ya'yan suna reto, manya-manya gwanin sha'awa. Na saki fuska na ce, "Mama, albishirinki! Ta yi. Gobe sai cira."

Ta karɓa, ta karkaɗe ƙasar a kan zanenta, ta tsinki ɗaya ta matsa da babban yatsa. Ɓawon bai fashe da ƙara ba, lotsawa ya yi. Ta buɗe shi ta ɗaga wajen haske. Cikinsa fari fat, mai laushi kamar auduga, ƙwayar kuma 'yar ƙarama, duk ruwa.

Ta dubi malamin. "Kai na koya wa, ko wani?"

"Ni ne, Malama."

"Me cikin ɓawo yake yi in ta ƙosa?"

"Duhu yake yi, Malama. Da zane-zane."

"Wannan fa?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ce ya je gida, kuma kunyar da ya tuge wa gindi ya nemi mai ita ya ba ta haƙuri. Da ya fita ta juyo kaina.

"Wa ya kitsa? Ke ko Babana?"

Sai kawai na ji raina ya ɓaci, hawaye suka zo min. "Mama, mu duka ne! Kina nema ki kashe kanki a kan abin da bai kai ya kawo ba. In an cire yanzu me zai faru? Duniya za ta tashi?"

"Zauna, 'yar nan."

Na zauna a gefen bokitin da take ɗora ƙafa.

"In aka cire ta yanzu, da an shanya za ta motse. Yaro ya fasa ya tarar da iska. Damina guda suna durƙuso, suna hana kansu wasa, sannan mu ba su ɓawo? Gajere ma da ƙyar na shawo kansa. In ya fasa ya ga ba komai, ya gama da noma har abada, kuma ya gama da yarda da maganar malami." Ta tsaya ta ja numfashi. "Sannan akwai abin da ban gaya muku ba. Ranar da muka je asibiti, na aiki Babana ya sayo min ruwa, na tambayi likitan tsakaninsa da Allah. Yaron kirki ne, bai ɓoye min ba. Ya ce can ɗin za su sa min robobi, su rage min kumburi, su ƙara min 'yan kwanaki. Gyara dai babu. To kwanakin nan, a gadon ƙarfe zan yi su ina kallon silin, ko a nan ina jan kunnen Gajere?"

Ta miƙo hannu ta share min fuska da gefen mayafinta, ƙasar gyaɗar ta shafe ni a kumatu.

"Ki bar kuka, kina da mummunan kuka tun kina amarya. Babana kuma ni zan gaya masa, ba ke ba. Kira min shi."

Ban san abin da suka faɗa a wayar ba, don fita na yi. Na dai san bayan 'yan kwanaki motarsa ta tsaya a ƙofar gida, ya fito da babbar jaka tasa ta kansa. Ya ɗauki hutu a wurin aiki. Bai ƙara yi mata zancen tafiya ba.

Malama kuwa ba ta bar shi ya zauna ba. Kullum da safe sai ta tura shi gona ya dubo mata. Mutum mai gina gadoji, ga shi da takalmi sau ciki yana tsallake kunyoyi, yara suna binsa suna gyara masa riƙon fartanya. Wata rana ina kawo mata ruwan zafi na ji yana ce mata, "Kin san ina yaro na tsani gonar nan? In na dawo gida ba kya nan, kina can da 'ya'yan mutane."

"Na sani," ta ce. "Kai ne ka buɗe wa awaki ƙofa shekarar da muka shuka wake."

"Kin sani?"

"Sawun takalminka na gani. Ni na saya maka shi."

Ya yi dariya har ya riƙe ciki, daga baya ya kifa kansa a gwiwarta. Na ajiye butar na fice.

Ganyen gyaɗar ya yi rawaya, ya fara ɗigo-ɗigon baƙi yana zuba. Wata safiya Malama da kanta ta ce a tugo mata gindi ɗaya daga kunyar gwaji, wadda ba ta kowa ba. Injiniya ya kawo, yara kaɗan suka biyo shi har baranda suka yi cirko-cirko. Hannunta ya yi rauni, sai da ta haɗa yatsu biyu. Ɓawon ya ce ƙas. Ta leƙa ciki, ta daɗe tana kallo. Ta fasa na biyu, ta fasa na uku. Ta jefa ƙwaya ɗaya a baki tana taunawa a hankali, mu duka muna kallon bakinta.

"Ta yi," ta ce.

Yaran suka dubi juna kamar ba su ji daidai ba. Gajere ya ce, "Malama, ba saura?" Ta ce babu. Ihun da suka yi sai da kajin maƙwabta suka watse.

Sai maganar yadda za a kai ta. Mota ba ta shiga bayan azuzuwan, ita kuma ta rantse ba wanda zai goye ta a gaban ɗalibanta. Maigidana ne ya warware. Ya jawo amalanken da yake dakon katako da shi, ya share, ya ɗaure kujerarta a kai da igiya, ya kafa mata lema a gefe. Da ta gani ta ce, "Kafinta, in ka kifar da ni, sai na rama a kan 'yarka." Shi da Injiniya suka tura, ni ina gefe riƙe da ƙafafunta, duk layin sun fito ƙofar gida suna yi mata sannu, ita kuma tana ɗaga musu hannu tana cewa su koma aikinsu, ba kallo ba ne.

An ajiye ta a inuwar bangon aji. Yara sun jeru kowa a bakin kunyarsa, har 'yan aji uku an fito da su su gani, don baɗi nasu ne. Muryarta ba ta kai nesa, sai ta faɗa, malamin aji ya maimaita da ƙarfi.

"Kada wanda ya fizga. Ku sassauta ƙasar daga gefe da fartanya, nesa da gindi. Ku tattara ganyen a hannu, ku kama can ƙasa. Sannan ku ja a hankali, kamar za ku tashi ƙaninku daga barci."

Auta ce ta fara. Na ga ta cije leɓe, ta ja, ƙasar ta buɗe, sai ga gindin ya fito da 'ya'ya jingim suna reto, ƙasa tana zuba daga jikinsu. Ta tsaya riƙe da shi sama, baki buɗe. Sai can ta ce, "Umma! Umma, duba! Ashe duk suna nan!"

Daga nan gonar ta rikice. Wannan yana ƙirga nasa, wancan yana cewa nasa sun fi girma, wata ta ga tana ta watsar da fartanya ta ruga, aka dawo da ita ana dariya. Kowa ya tuge sai ya kawo wa Malama ta gani, har cinyarta ta cika da ƙasa. Ni dai ba gonar nake kallo ba, ita nake kallo. Idonta yana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya, ba ta ko ƙiftawa sosai.

Gajere ne kawai bai zo ba. Yana tsugune a ƙarshen kunyarsa ya juya mana baya. Tasa ba ta yi 'ya'ya sosai ba, ciyawar farkon damina ta cinye ta. Malama ta sa aka kira shi. Ya zo yana jan ƙafa, da ɗan abin da bai cika tafi biyu ba.

"Fasa ɗaya," ta ce.

Ya fasa. Ƙwaya biyu, jajaye, cike da ɓawonsu.

"Ci."

Ya ci.

"Da daɗi?"

Ya gyaɗa kai, hawaye yana bin hancinsa.

"To kai ka yi ta. Ba ta da yawa, kuma ka san dalili, ba sai na faɗa ba. Amma ko ɗaya ba ta banza a ciki. Ga 'yan aji uku can, baɗi kai za ka riƙa duba musu farce."

Ya share hanci da bayan hannu. "Har in ja kunne?"

"A hankali dai."

Ta sa aka tara gyaɗar wuri ɗaya, ta kowa da kowa. Ta ce in ta bushe za a kasa uku: ta ci a aji, ta kaiwa gida a nuna wa iyaye, da ta iri, wadda ba mai taɓawa ko yunwa za ta kashe shi. Harawar kuma aka ba mai gadin makaranta saboda tumakinsa. Da yake ɓeraye sun yi yawa a makarantar, aka yanke a shanya a tsakar gidanta.

A hanyar dawowa, tana kan amalanke, ta ce, "Babana, na yi maka alkawari. In kana so gobe mu tafi."

Ya ci gaba da turawa bai ɗago ba. "Wa zai duba shanya in mun tafi?"

Aka shimfiɗa tabarmi da buhunan da aka farke a tsakar gidan, gyaɗa ta rufe ko'ina, sai 'yar siririyar hanya daga ƙofa zuwa baranda. Gidan ya cika da ƙamshin ɗanyar ƙasa. Kullum bayan makaranta yara su zo su juya ta, da yamma a tattare a kai ɗaki. Malama ta daina cin komai sai ruwa da ɗan shayi, maganarta ta ragu, amma ta ƙi a bar ta a ɗaki. Ni ma na ɗauko aikin hannuna, su maɓalli da kalmasa, na koma barandarta.

Ranar da abin ya faru, rana ta yi sanyi, inuwar katanga ta kai rabin tsakar gida. Yara suna durƙushe suna juya gyaɗa da tafin hannu, suna musu ƙasa-ƙasa a kan wanda ya ci a ɓoye. Injiniya yana zaune a ƙasa yana matsa mata ƙafafu. Ta ce ya ɗauko ɗaya ya kaɗa mata a kunne. Ya kaɗa. Ta saurara, ido a rufe.

"Ta fara magana," ta ce. "Ku ƙara mata rana kaɗan."

Ta gyara kanta a jikin matashi. Na ci gaba da ɗinkina. Na sa maɓalli ɗaya, na sa na biyu, sai na lura hannun Injiniya ya tsaya. Na ɗago. Yana kallona, ni ma na dubi ƙirjinta. Mayafin ba ya motsi.

Ban san inda na samo muryar ba. Na ce, "Yara, Malama ta yi barci. Ku tafi gida, mu za mu tattare yau. Ban da hayaniya."

Suka miƙe, suka ɗauki jakunkunansu. Wasu har da cire takalma suka riƙe a hannu, suna bin 'yar hanyar nan a kan yatsun ƙafa, suna yi wa juna alamar shiru. Auta ce ta ƙarshe, ta ja ƙofar a hankali don kada ta yi ƙara. Sai da muka daina jin sawunsu sannan Injiniya ya ce, "Mama," sau ɗaya, da wata ƙaramar murya da ban taɓa jin sa da ita ba.

Mutanen da suka zo ta'aziyya ban san ta san su ba. Direbobi, ma'aikatan jinya, masu shaguna, wata mata da ta ce daga nesa ta kwana tana tafiya, kowa ya ce a hannunta ya yi aji huɗu. Gidan ya cika, namu ma ya cika. Washegari da safe wata daga cikin dangi ta ga buhunan gyaɗa sun tare ɗaki, ta sa aka fitar aka baje a kan tabarmi a gefen tsakar gida, wajen da masu shigowa ke tuɓe takalma. Daga nan kowa ya manta da ita, har ni.

Wajen azahar gari ya haɗe. Iska ta taso mai sanyi, irin ta ruwan ƙarshen damina da ba ya sallama. Muna ɗaki da baƙi, hankalina yana kan tukunyar da na bari a wuta, sai na ji gudu a waje, ƙafafu da yawa. Na leƙa ta taga.

'Yan aji huɗu ne, ko tashi daga makaranta ba a yi ba. Malaminsu yana can baya yana haki, da alama su suka riga shi fita. Suna shigowa suka zube a kan tabarmin suna tattarawa, wasu da hannu, wasu suna naɗewa a gaban riga. Injiniya ya taso daga cikin masu gaisuwa, ya ɗauki buhu ya buɗe musu baki, ya tsaya riƙe da shi suna zubawa. Gajere da Auta suka kama buhun farko suka ja shi zuwa baranda.

Ɗigon farko ya fara sauka a kan kwanon rufi. An kwashe tabarmi, kowa ya fake, sai wata 'yar ƙaramar yarinya da ta rage a tsakar gidan. Tana tsugune a cikin takalman mutane, tana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, tana tsince waɗanda suka gangara ƙarƙashi tana sawa a aljihu.